Neman shawara kan hasashen raguwar ƙarfin batirin sola

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina kula da batirin sola na wani ƙaramin asibiti a Sakkwato, nau'in lithium da ake kira LiFePO4 mai ƙwayoyi 16 a jere (wato ƙananan baturan da ke cikinsa), 51.2V da 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa). Bayan wata 14 na gwada shi na sami 92Ah, da na ja miƙaƙƙen layi a Excel sai lissafin ya nuna zai sauka zuwa kashi 80 cikin ɗari kafin shekara uku, alhali takardar kamfani tana maganar dubban zagayen caji. Wanne zan gaskata?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Miƙaƙƙen layin nan zai ruɗe ka, domin tsufan batir iri biyu ne, wato na aiki da na zama, wanda ke cinsa ko yana ajiye. Na zaman yana faruwa ne saboda wani ɓawo da ake kira SEI yana yin kauri a ɓangaren negatif a cikin batirin yana laƙume lithium, kuma da sauri yake farawa sannan ya lafa, har ma a kan ƙiyasta cewa idan lokaci ya ninka huɗu, asarar ninki biyu take yi. Ka raba lissafinka gida biyu, ka shigar da zafi ta hanyar ƙa'idar Arrhenius, wadda ke nuna yadda zafi ke hanzarta irin wannan tsufa, domin alkaluman kamfani yawanci a digiri 25 ake auna su, Sakkwato kuwa tana haura 40 a watan Afrilu. Sai dai kada ka saki jiki da lafawar, domin wasu baturan sukan rufta kwatsam idan sun tsufa.

Amsa ta biyu: Injiniya, ni gwajin nake tuhuma tukuna. Ƙwayar da ta fi rauni ita ce ke sa BMS, wato allon da ke kula da batirin yana kare shi, ya yanke wuta, don haka mai yiwuwa ƙwayoyin ne ba su daidaita ba. Ka cika shi maƙil, ka bar shi ya daidaita, sannan ka sauke shi a hankali kana ƙidaya Ah, ka maimaita duk wata uku. Awo biyu, wato 100Ah da 92Ah, ba sa isa a zana lanƙwasar raguwar ƙarfin.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Batirin yana cikin ɗakin langa-langa ne, manne da inbata, kuma ban taɓa auna zafin wurin ba. Gobe zan rataya ma'aunin zafi, in ɗauki hoton lambobin ƙwayoyin daga BMS in turo muku.