Ciki ya zauna a wajen mahaifa, allura kaɗai ta isa?

Maman Hafsa, Zango:
Salamu alaikum ƴan uwa, ƙanwata aka yi ma eko, likita ya ce cikin a bututun mahaifa ya zauna, wai ba sai an yi tiyata ba allurar methotrexate za a yi mata, ni dai hankalina bai kwanta ba wallahi. Allura guda ta isa?

Anti Balki, Birni:
Ni ma ita aka yi min. Ba kowa ake ba ba, sai bututun bai fashe ba, cikin ƙarami ne kuma zuciyarsa ba ta bugawa. Maganin tsaida girmansa yake, jiki ya shanye shi sannu a hankali. Amma ta koma analiz na jini rana ta 4 da ta 7, a ga ko hCG (sinadarin ciki da ake aunawa a jini) ya sauka da aƙalla kashi 15 cikin 100 tsakanin ranakun biyu, in bai sauka ba su ƙara allura ko su yi aiki. Zirga-zirgar ce ta fi gajiyar da ni gaskiya.

Sajifam:
Hajiya, ta ajiye folik asid da ibuprofen, kar ta shayar, kuma wata 3 kafin wani ciki. In ciwon mara ya tsananta, ko ciwon kafaɗa, ko jiri, ku kai ta asibiti ko tsakar dare ne.

Maman Hafsa:
Na gode, Allah ya saka. Gobe da safe za mu koma.