Kora, Mayarwa Gida, ko Tasa Ƙeya?

'Yan'uwa masu fassara, ina aiki a kan tarihin dokar shige da fice ta Amurka ta 1952, wadda Sanata Pat McCarran da ɗan majalisa Francis Walter suka kawo, sai fassarar kalmar deportation, wato hukuma ta fitar da baƙo daga ƙasa da tilas, ta tsaya mini a wuya. Shugaba Truman ya ƙi sa hannu, amma majalisa ta yi amfani da rinjayenta ta tabbatar da dokar, saboda tsoron kwaminisanci ya cika ƙasar, har ana kallon 'yan gudun hijirar Gabashin Turai da idon zargi. Dokar ta ba gwamnati ikon fitar da baƙo don kawai ya shiga jam'iyyar kwaminis.

Wasu sun ce a rubuta "kora". Ta yi faɗi da yawa, domin ana korar ma'aikaci, ana korar ɗalibi, kuma wanda aka kora shi yake zaɓar inda zai nufa.

Wadda ta fi damuna ita ce "mayarwa gida", wadda ake yawan ji a labarai. A watan Disamba na 1919 hukumomin Amurka sun loda mutum 249 a jirgin ruwa mai suna Buford, aka nufi Rasha da su cikin tsananin sanyi, sojoji na gadinsu. Cikinsu har da 'yar gwagwarmaya Emma Goldman, haifaffiyar daular Rasha, wadda ta shiga Amurka tun 1885 tana budurwa, ta shafe shekara talatin da huɗu a can. Ina gidan da aka mayar da ita? Duk wanda ya rubuta haka ya ari bakin gwamnati ya ci mata albasa. Mu ma mun san wannan ciwon: a 1980 an ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, an kai shi Chadi da cewa ba ɗan Najeriya ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa.

Ni dai na tsaya a kan "tasa ƙeya", domin a cikinta akwai tilas, akwai jami'in da ke biye da mutum, akwai kuma wurin da hukuma ta zaɓa. Na yarda cewa ana tasa ƙeyar mai laifi zuwa gidan yari, shi ya sa a farkon ambato zan rubuta "tasa ƙeyar baƙo zuwa wata ƙasa", daga nan in taƙaita. "Mayarwa gida" kuwa na bar wa ɗan gudun hijirar da ya ɗaure kayansa da kansa, ya nemi a taimaka masa ya koma.