A ina zan zuba samfurin Dange kafin tafiya Zariya?

Ɗan Wurno: Assalamu alaikum. Na kwaso dutsen fosfat (mai ɗauke da yuraniyom) daga Dange ta jihar Sakkwato, an kuma ba ni yashin monazayit (ma'adini mai toriyom) na Jos. Sai bayan wata biyu za a kai Zariya awon radiyeshin. Wane mazubi ya fi? Radiyeshin ɗin cikinsa ba zai ɓata shi ba kafin nan?

Malam Na Jiyoloji: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗalibi. Yuraniyom-238 sai ya yi shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya ruɓe, toriyom-232 kuwa biliyan 14. Ƙwayoyin alfa da suke fitarwa in suna ruɓewa suna rugurguza tsarin ƙirar dutse kamar zirkon, amma aikin miliyoyin shekaru ne. Monazayit ma yana ɗinke kansa.

Yaya Babba: Ƙanena, ni ta ci ni, saurara. Lokacin namu aikin, mun zuba a roba mai sakakken murfi, muka manne da salatif. Zafin Afrilu ya ɗaga salatif ɗin ba mu sani ba. Iskar radon, wadda radiyom ke haifarwa in yana ruɓewa, ta yi ta zurarewa, lissafin radiyom ya fito ƙasa warwas, malaminmu ya dube shi sau ɗaya ya ce a sake. Kuɗin mota, kuɗin awo, wata guda, duk sun tafi. Har yau in na ga robar nan sai raina ya sosu. Ka shanya shi sosai, ka niƙe, ka tankaɗe, ka like bakin da kakin kyandir, ka bar shi mako huɗu ba taɓawa. Radon kwana 3.8 ne rabin ransa, shi ya sa ake jira ya taru har ya daidaita da radiyom.

Maman Biyu: Ka sa takunkumi wajen niƙa, don Allah. Ƙurar ita ce matsalar.

Ɗan Wurno: Batun shanyawa fa, Yaya? Dole ne?

Malam Na Jiyoloji: Dole. Danshi yana dagula nauyi da lissafi. Kuma inda radiyeshin ya yi ƙarfi, yana fasa ruwa ya haifar da haidurojin feroksayid, shi kuma ya mai da yuraniyom mai narkewa a ruwa. Toriyom ba ya sauya hali haka, shi ya sa ya fi zama daram.

Bagobiri: Kakin kyandir a zahin Sakkwato? Ai narkewa zai yi tun kahin ku kai Gusau.

Yaya Babba: Namu na biyu da shi muka kai, lafiya lau. Ka taɓa yi ne?

Bagobiri: Allah ba ka haƙuri, babban yaya.



Ɗan Wurno: Na gode. Gobe zan fara shanyawa.