Faɗaɗa titi a tsakiyar Damagaram ko kewaye gari da manyan motoci?

Ɗan Zango:
Salamu alaikum. Hanyar Yamai zuwa Diffa da ta Agadas zuwa Magarya duk a Damagaram suke haɗuwa, ga kuma tankokin matatar man fetur ta SORAZ tun 2011. Da wanne ya kamata a fara, faɗaɗa titin cikin gari ko hanyar kewaye? Ina tsoron rusau da ruwan damina.

Mai Awo:
Wa alaikumus salam. Kafin a zana komai, a ƙirga motoci kwana 7, dare da rana, har da Alhamis ranar kasuwa, a ware masu wucewa da masu sauke kaya a gari. Kamiyo ne ke cin kwalta: in nauyin da ke kan ƙafa ɗaya ya ninka biyu, ɓarnarsa takan kai ninki 16. Ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, tan 11.5 ce a kan jerin ƙafafu ɗaya, hagu da dama. In masu wucewa suka rinjaya, hanyar kewaye da sikelin awon nauyin motoci ne magani. A cikin gari faɗin mita 7 ya wadatar, da mita 2 kowane gefe don masu ƙafa, a bar wa ƴan kabu-kabu da amalanke wurin tsayawa.

Malam Gini:
Malam, ruwan nan shi ne babbar magana. Dutse na kusa a unguwanni da yawa, ƙasa ba ta shan ruwan Agusta, haƙa magudana kuma sai da tsada. Kuskuren da aka saba yi: a zuba burji har titi ya fi dokin ƙofa tudu, ruwa ya koma gindin katangar laka ya jiƙa ta har ta zube. A fara awo daga tabkin da ruwan zai faɗa, a biyo baya zuwa titi. Doron titi ya karkata kashi 2.5 cikin ɗari, murafun magudana su zama masu ɗaguwa, don rairayi da leda kan toshe ta kafin ruwan farko. Bututun famfo da turakun lantarki na NIGELEC a kau da su tun ba a shimfiɗa kwalta ba.

Hajiya ta Birni:
Ƴan'uwa, kada a mance da mutane. Dokar karɓar filaye don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce diyya kafin rusau. A yi rajista gida-gida tare da masu unguwanni, har ƴan haya da masu tebur, domin su ake tsallakewa tunda ba su da takardar fili. Nazarin muhalli ya bi ta BNEE, hukumar ƙasa mai tantance tasirin ayyuka kan muhalli. Bedin da ke bakin hanya kuwa, in karkatar da layi kaɗan zai tsirar da shi, a karkatar, inuwarsa ta shekaru ce.