Ƙanina ya samu waya, me zan fara koya masa?

Ɗan Ringim: Salam jama'a. Baba ya sayar da riɗi ya sai wa autanmu waya, shekararsa 15, yanzu kullum yana WhatsApp da TikTok. Me zan fara nuna masa?

'Yar Gumel: Lambar nan guda 6 da WhatsApp ke turowa, kar ya ba kowa ko da an ce daga gurup ɗin makaranta ne, da ita ake kwace WhatsApp ɗin mutum a dinga roƙon kuɗi da sunansa. Haka lambar banki ta BVN da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN.

Malamin Firamare: Ni ladabi ya fi damuna wallahi, yaro ya turo wa sa'an babansa "slm ykk" ba gaisuwa. Kuma ya daina tura hoton mutane ba izini.

Ɗan Ringim: Malam ai har Kawu ya yi wa haka jiya 😂