Hayaƙin ƙona karan alkama da gonakin inabi a Ostareliya

Dan Lambu:
Salamu alaikum. A jihohin Victoria da Ostareliya ta Kudu manoman alkama na ƙona karan gona a watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin girbin inabi, kuma duk shekara sai an ji masu inabin da ake yin giya da shi suna ƙorafi. Hayaƙin da iska za ta kwashe, me yake yi wa 'ya'yan? Wanki ba zai fitar da shi ba?

Malamin Gona:
Wa'alaikumus salam. Wanki ba ya fitar da shi, domin ba a saman fatar yake zama ba. Idan kara ko itace ya ƙone, sinadarin liginin da ke cikinsa yakan farfashe ya saki wasu sinadarai masu ƙauri, irin su gwayakol, kiresol da siringol. Su ne ke ratsa fatar inabin. Da sun shiga, sai inabin ya ɗaure su da sukari, ƙaurin ya ɓuya. Shi ya sa mai gona zai ɗanɗana ya ji lafiya ƙalau. Sai an matse an tsima, ko giyar ta kwana biyu a kwalba, sannan ɗaurin ya fara warwarewa. Yawun mai sha ma yana warware shi, ya bar ɗanɗanon toka a maƙogwaro.

Lokaci shi ne babban abin lura. Binciken da aka yi a Yammacin Ostareliya ya nuna haɗarin ya fi yawa daga kwana 7 bayan 'ya'yan sun fara laushi da canza launi har zuwa ranar girbi. Lokacin fure ɓarnar kaɗan ce. Kuma ƙaurin ba ya bin kurangar zuwa baɗi.

Uwar Ɗakin Gwaji:
Malam ya faɗi gaskiya. Ƙari kawai: kada a yanke hukunci da ido ko hanci. Kimanin mako 2 kafin girbi a tsinko daga sassa daban-daban na gonar, a tsima kaɗan a bokiti tare da fatar, a bai wa mutane da yawa su ɗanɗana, domin wasu ba sa jin ƙaurin sam. Sannan a aika samfuri ɗakin gwaji, kamar na AWRI, cibiyar binciken giyar inabi da ke Adelaide, a auna sakakken sinadarin da ɗaurarren duka. Auna gwayakol kaɗai yana yaudara: inabi nau'in Shiraz na da shi tun asali, gangar ajiye giya ta itacen oak da aka babbaka ma tana ƙara shi.

Idan hayaƙin ya riga ya shiga, sai dai rage asara. A tsinka da hannu, kada ganye ya biyo, a ajiye cikin sanyi, a matse a hankali, a ware ruwan farko da na ƙarshe. Jar giya ta fi shan wahala saboda da fatar ake tsima ta, shi ya sa wasu ke juya jan inabi zuwa giya mai ruwan hoda. Gawayin tacewa na janye ƙaurin, amma yana tafiya da launi da ƙamshi, kuma bai cika kama ɗaurarren ba, sai ƙaurin ya dawo bayan watanni.

Mai Alkama:
Ta ɓangaren mai ƙonawa, yawancin ɓarnar ana iya kauce mata. Sabon hayaƙi mai kauri daga kusa ne ke yin illa, wanda ya yi doguwar tafiya ƙarfinsa ya ragu. A tambayi maƙwabci ranar da zai gama girbi, a jira shi. In ba zai yiwu ba, a bari kara ya bushe sarai don ya ci da sauri, a kunna da rana lokacin da iska ke kaɗawa nesa da inabin. Kada a kunna da yamma lis, domin sanyin dare na danne hayaƙi ya kwanta cikin kwari har wayewar gari.