Karin kumallo a Kwatano: in biya kuɗin wainar ƙwai gaba ɗaya ko kullum-kullum?

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum jama'a. Ina Kwatano ni da baffana, muna jiran dilolin gwanjonmu su taru a kasuwar Misebo, za mu kai sati biyu. Masaukinmu na wajen Fijirose, kusa da bakin teku, nesa da Zongo. A layinmu akwai wani ɗan gidan abinci na iyali: uwar ke soya ƙwai, maigidan na haɗa kofi, 'yarsu na kawo wa mutane. Wainar ƙwai biyu da albasa da tumatur, rabin burodi da Lipton, sefa 700. Matar ta ce in na biya na sati biyu gaba ɗaya za ta bar mana a 600. Baffa na da ciwon suga, ita kaɗai ta yarda ta rage masa mai, ta daina zuba madarar gwangwani ba a tambaye ta ba. Ba musulmi ba ne, amma ban ga alade a wurin ba. In biya ko in bi a hankali?

Direban Tirela: Ka hau zemijan, babur ɗin haya, ka tafi Zongo, bayan babban masallaci akwai masu shayi 'yan uwanmu. Magana ta ƙare.

Ɗan Maraɗi: Yaya, kuɗin zemijan zuwa da dawowa na mutum biyu ya fi kuɗin ƙwan. Kuma baffa ba ya son babur.

Bakano a Legas: 700 wainar ƙwai? Ai arha ce, a Agege ko shayin ba za a ba ka haka ba.

Damagaram Ta Kuru: Sefa ake magana Malam, ba naira ba. Ni dala 100 nake ci a Jonke, har da sifageti a ciki.

Bakano a Legas: 100 kuma? To wa ke ƙarya a cikinku?

Damagaram Ta Kuru: Dala 100 sefa 500 ke nan. Ku dai ku bar mana lissafinmu.

Alhaji Mai Taya: Ɗana, kada ka ba kowa kuɗin abincin da ba a dafa ba. Ni a Akpakpa aka yi mini, wajen wasu masu kirki irin waɗanda kake faɗi, har yaron gidan na kirana papa. Lokacin ina zaryar parkin motoci na Sekanji. Na ba su jika goma na wata. Ana cikin haka aka yi musu rasuwa a ƙauye, kun san makokin mutanen kudu ba irin namu na kwana uku ba ne, suka garƙame ƙofa suka tafi gaba ɗayansu. Da suka dawo uwar ba ta biyo su ba, sai wata ƙanwar miji ta karɓi kaskon. Ita ba ta san da kuɗina ba, littafin da aka rubuta kuma wai yana hannun waccan. Na haƙura na ci gaba da biya. Wata safiya ta fasa ƙwai kai tsaye cikin haɗin, na ji ɗan wari, ta ce iskar teku ce. Kafin azahar ciki ya murɗa, amai da gudawa, sai da aka ƙara mini ruwa. Abin da ya fi ƙona mini rai, ranar ce za a yi cinikin motar da na daɗe ina bi, wani ɗan Dosso ya ɗauke ta ina kwance. Na koma na gaya musu, maigidan ya ce wai ruwan leda na sha a hanya. Har yau ko a gidana aka soya ƙwai sai na tsaya a kai.

Hajiya 'Yar Zongo: Allah ya kiyaye gaba Alhaji, amma wannan ba laifin biyan kuɗi ba ne, ruɓaɓɓen ƙwai ne. Zafi da gumin garin nan ba sa barin ƙwai ya daɗe a tire. Ƙanena, ka ce ta dinga fasa kowane ƙwai a kofi daban kafin ta haɗa. In kana shakka a jefa shi a ruwa, wanda ya taso sama ya tsufa. Kuma a soya ya nuna har ciki, ban da mai ruwa-ruwa, musamman ga dattijo. Mayonez ɗin da ya wuni a buɗe ma ka ce a bar shi.

Alhaji Mai Taya: Hajiya, kuɗina fa? Jika goman ma tasowa sama ta yi?

Sarkin Zolaya: Ta nutse Alhaji, alamar sabuwa ce.

Direban Tirela: Masu ba da shawara daga ɗaki su yi shiru. Mu da muka ci ƙwan kowace tasha daga Malanbil zuwa Paraku zuwa por, tashar jiragen ruwa, mu ne za a tambaya.

Hajiya 'Yar Zongo: Kai wucewa kake yi, ni a nan aka yanke cibiyata. Mai kwana a ƙarƙashin mota ne zai gaya mini abincin Kwatano?

Malamin Islamiyya: Ba wanda ya taɓa maganar kasko. Ka tambaye su da ladabi ko suna soya wani abu a ciki ban da ƙwai, musamman irin naman gwangwani da tsiran Turawa. In suna yi, sayi ƙaramin kasko a kasuwar Dantokpa ka ajiye a wurinsu. Ƙwai da burodinsu ba komai.

Damagaram Ta Kuru: Bara na ci a Fijirose jika ɗaya da rabi, ƙwai biyu rak.

Hajiya 'Yar Zongo: Wannan a bakin yashi ka zauna inda Turawa ke shan iska. Kujerar ka biya.

Bakano a Legas: Mu tun da aka saki naira a 2023 ba ma tambayar farashi a Kwatano. Da can mu ne manya a Dantokpa, yanzu ɗan canji na ganinka zai fara yi maka jaje.

Direban Tirela: Ku naku da sauƙi, iyakar Seme a buɗe take. Mu gadar Gaya da Malanbil, iyakar Nijar da Benin, tun juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe ta. Benin ta buɗe nata gefen a 2024, namu shiru. Ɗan Maraɗi, dilolin nan ta ina za ka wuce da su?

Ɗan Maraɗi: Kwalekwale mana, kamar kowa.

Alhaji Mai Taya: To ka ajiye kuɗinka na masu dako da masu jirgi, kowace dila sai an sauke an ɗora sau biyu. Can ne za a cinye ka, ba a kan sefa ɗari ta ƙwai ba.

Damagaram Ta Kuru: Abin haushin, ɗanyen man Agadem na bin bututu har gaɓar Seme, mu da buhun albasa sai mun bi ruwa.

Direban Tirela: Ko ka zaga ta Lome da Burkina ka jira rakiyar soja. Tayoyina biyu suka mutu a tsaye a Kaya.

Malamin Islamiyya: Jama'a a bar siyasa, za a rufe mana zauren.

Damagaram Ta Kuru: Ba siyasa ba ce Malam, kuɗin jirgi ne. Wa ya ƙetare a watan nan? Nawa suke karɓa kan dila yanzu, don wanda na aika ya ce mini an ƙara, ban kuma yarda da shi ba.